Sunan da Ban Rubuta Ba

Shekara talatin da wani abu ke nan, amma abin ya ƙi barina in zauna wuri ɗaya. In ya faɗo mini a rai sai in tashi in yi ta zagayen tsakar gida.

Wata damina, lokacin ina aikin awon shinkafa a Kalgo, na zo gida Kambaza sai mai gari ya kira ni. Ya ce likita zai zo Gwandu ranar Laraba, ana son sunayen marasa lafiya, ni kuwa na yi firamare. Aka ba ni littafi da biro.

Gidajen masu hali na fara shiga. Wani dillalin albasa ya sa na rubuta shi da matarsa da surukarsa: ciwon baya, rashin barci, kasala bayan cin abinci. Ban yi mamaki ba. Ni ma tun da na fara karɓar albashi, ko mura ce ta kama ni sai na je kemis an yi mini allura.

Da na gangara unguwarmu, kowa sai ya ce babu. A gona na sami yayana yana maimai a cikin gero. Takalmi ya daina shigarsa, ƙafafun sun kumbura har suna sheƙi.

"Yaya, in rubuta ka?"

"A me? Na ci tuwo, ga hauya a hannuna. Lahiyata lau. Ku masu albashi ku ka ciwo."

"Ƙafar nan fa?"

"Raɓa ce. In na tafi Gwandu, kai za ka yi mini noman da farar rigarka?"

Muka yi dariya, na rufe littafin. Wanda ya ce ba shi da lafiya aka ce in rubuta, shi kuwa bai ce ba. Haka na yi ta gaya wa kaina a hanya. Amma na sani, da na rubuta shi, ni zan nemo masu kama masa noman, ni zan kai shi a babur, in rasa kwana biyu a wurin aiki.

Ranar Laraba dillalin ya dawo da ledar magani. Yaya kuwa kumburin ya hau masa ciki, bai ga yankan geron nan ba.

Ranar sadakar uku matarsa tana gaya wa masu gaisuwa cewa bai taɓa ciwo ba sai na ajali. Ta juyo gare ni, ta ce, "Ko ba haka ba, Malam?"

Na ce haka ne.