Ƙarar da Ke Ɗaukewa Idan Na Yi Sujada

Kowa ya yi kuskure a kan abin da ya same ni, kuma nawa kuskuren ya fi na kowa muni. Inna ta ce iska ce. Gwaggona ta ce gado ne. Maƙwabta suka ce shiriya ce ta zo mini, har wata take tsokanar Inna cewa ashe bakin 'yarta yana da marfi. Ba ko ɗaya a ciki. Kunne ne, sai rama, sai taurin kaina.

Lokacin ina da shekara ashirin da biyu, na gama sakandare, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare mai zaman kanta a Funtua. Duk wanda ya san ni, da murya ya san ni. In na ce a yi shiru, har ajin da ke gefenmu sai ya yi tsit. Ba ni da haƙuri, ba na kuma ɓoye abin da ke raina. Aikin nan shi ne abin alfaharina, don a gidanmu ni kaɗai ce macen da ke fita da safe da jaka a kafaɗa.

Da kaka, ana tsakiyar cire masara, taifot ya kwantar da ni mako uku. Na tashi na rame, riguna duk sun yi mini yawa. Ranar da na koma aji, ina buɗe baki zan gai da yara sai muryata ta daki kunnena na dama daga ciki, kamar na cusa kaina cikin randa nake magana. Numfashina ya koma kamar zugazugin maƙera. Bugun zuciyata kamar ana daka a gidan maƙwabta. In na tauna ƙuli-ƙuli kuwa, sai in waiga in ga ko mutane sun firgita, alhali ba wanda ya ji komai. Tunda a kunnena ihu nake yi, sai na riƙa rage murya, ina ragewa, har na bayan aji suka daina jina. Ni da nake tsawatar wa yara arba'in, na koma raɗa.

Wata azahar na kai goshina ƙasa, sai ɗif, ƙarar ta ɗauke. Na ɗago na zauna, ba a jima ba ta dawo. Na sake sujada, ta sake ɗaukewa. Na gaya wa Inna, ita kuma ta aika aka kira Gwaggo daga Gozaki. Gwaggo ta gama saurarena ta girgiza kai, ta ce ai ta san za a rina, abin yana cikin jininmu. Ta ce kakar kakarmu, tun kafin zuwan Turawa, bayan wata shekarar yunwa, ta riƙa cewa akwai ganga a cikin kanta. Ta daina magana da mutane, kullum kanta a duƙe tsakanin gwiwoyi, har aka ware mata ɗaki a bayan gida ana miƙa mata abinci. Gwaggo ta ce abin da ke gudun sujada ai ba sai an faɗi sunansa ba.

Na yarda, ni mai taƙama da boko. Kuma da yake ban iya yin abu rabi-rabi ba, sai na ce zan yaƙe shi da azumi. Na fara da Litinin da Alhamis, na ƙara kwana uku na tsakiyar wata, daga nan na koma kusan kullum, har bazara ta shigo da zafinta. Da safe kunnen kan yi sauƙi, kafin la'asar ya zama bala'i. Duk ranar da ya tsananta sai in ce abin ne yake jin wuta, in ƙara ƙaimi. Baba, manomi ne da bai cika magana ba, ya kira ni ya ce ƙarewa nake yi a gaban idonsa, nafila ba dole ba ce ga wanda bai gama warkewa ba, in shirya ya kai ni asibiti. Na ce masa wannan ba ciwon allura ba ne, kuma ya bar ni da abin da bai sani ba. Mahaifina na gaya wa haka. Ya dube ni, ya ɗauki hularsa ya fita. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

A makaranta kuwa iyaye sun fara ƙorafi. Hedimasta ya ce yana tausaya mini, amma ba zai bar aji a hannun malamar da ba a jin ta ba, ya ba ni zuwa ƙarshen zango. Na rubuta takardar barin aiki na sa a jaka, ina jiran ranar da zan iya miƙawa.

Tsintsiya ce ta cece ni. Wata Asabar da hantsi na duƙa ina share tsakar gida, sai na lura shiru nake ji. Na miƙe, ƙara ta dawo. Na duƙa, ta tafi. Ba alwala, ba addu'a, tsintsiya ce kawai a hannuna. Na gwada a bakin rijiya, na gwada a kan wanki, na leƙa ƙarƙashin gado, duk ɗaya. Na ce wa Inna iskar da ke tsoron sujada na gane ta, amma wace irin iska ce ke tsoron shara? Ta ce in rufa mata baki, amma na ga tana danne dariya. Da yamma na durƙusa gaban Baba na ba shi haƙuri. Abin da ya ce kawai shi ne in sha ruwa tukuna.

Ya kai ni wajen likitan kunne a Zariya. Likitan ya leƙa kunnena ya ce in ja numfashi, ya ce yana ganin fatar dodon kunnen tana motsi tare da numfashina. Ya bayyana mana cewa akwai wata 'yar hanya tsakanin kunne da maƙogwaro wadda a rufe take, sai in mutum ya haɗiye yawu ko ya yi hamma take buɗewa. Rama da ƙarancin ruwa a jiki sun sa tawa ta tsaya a buɗe, shi ya sa muryata ke shiga kai tsaye. In na sunkuyar da kai, jini kan cika wurin ya rufe ta. Wato abin da na ɗauka magani shi ne yake ƙara mini ciwon. Ya ce in ci, in sha ruwa, in rage shayi, in dakata da nafila sai jikina ya dawo. Ya kuma ce ba kowace ƙarar kunne ce irin tawa ba, sai an duba ake sani.

Inna ta sa ni gaba da fura da nono da tuwon masara kamar mai jego. A hankali na ciko, ƙarar ta riƙa ja da baya. Ba ta tafi gaba ɗaya ba, ranar zafi in na manta da ruwa takan leƙo, amma yanzu na san ta, ba ta ba ni tsoro.

'Yan'uwana mata, ban ce a bar addu'a ba, ni ma ban bari ba. Amma in jikinki ya sauya, ki je a duba ki kafin ki yanke wa kanki hukunci, kada kuma ki yi wa mai ba ki shawara rashin kunya irin tawa. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce kakar kakar nan tamu ta Gozaki. Ban tabbata ba, amma ina zargin yunwa ce kawai ta ramar da ita, aka rufe ta a bayan gida da sunan hauka.

Ranar Asabar zan shiga mota in je wajen Gwaggo, in zaunar da ita in gaya mata a daina tsoratar da 'yan matan danginmu da wannan labarin, sannan mu yi wa tsohuwar addu'a tare. Takardar barin aiki na yage ta. Ranar Litinin zan shiga aji da gorar ruwa a hannu, kuma na bayan aji ma sai sun ji ni.