Dakta Jelani, Mai Awon Iskar Gidan Kajina

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, ina kasuwar Jega ina cinikin dusa aka bugo mini cewa ka rasu, Dakta Jelani. Na bar cinikin, na zauna kan buhu.

Ba da daɗi muka fara ba. Da zan gina gidan kaji a Kashin Zama, na yi abin da kowa ke yi: na watsa toka sama, na ga iska ta kai ta daji, na kafa ɗakuna kudu maso yammacin gari. Da rani ake gini, da rani na gwada. Sai ga ka daga Aliero a tsohon babur, da na'urar awon iska ɗaure a kan gora. Ka ce, "Abdussalam, wagga iska da kag gwada ta rani ta. Damana in ta zo, juyawa takai." Na ce maka ɗan boko bai rasa abin faɗa.

Shekara biyu kana zuwa. Ka auna warin kashin kaji da ƙurarsa, ka zuba a kwamfuta, ta fitar da taswira mai jan zane. Zanen ya tashi daga ɗakunana, ya ƙetare gonakin albasa, ya sauka kan unguwarmu, har ɗakin mahaifiyata Inna Atika, wadda tari ke hana sakat duk damina. Ba ka kai ni gaban hakimi ba, ba ka tona ni a masallaci ba. Kai ne ma ka kai ta asibiti a motar aro, ka auna mini wani fili can wajen Sarandosa inda zan mayar da kajin, kyauta.

Ni kuwa kullum sai in ce bari kajin nan su fita tukuna. Garke bakwai suka fita. Na gaji da jin tarinta, na gaji da kaina, kai kaɗai ne ba ka gaji da ni ba.

Allah ya jiƙanka, ya sa iliminka ya zame maka sadaka mai gudana. Allah ya ba matarka Malama Najiba da 'ya'yanka haƙuri. Jiya na fara kwance kwanon ɗakin farko. Inna ta tambaye ni ko ka zo ka gani.