Jirgin Ƙasan Iya Mai Tafiya da Gora

Iya, kakata ta wajen uba, ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa ba, amma duk Kademi babu wanda ya kai ta ba da labarinsa. 'Yar bakin kogi ce, daga wani ƙauye na ƙasar Ajingi aka kawo ta gidanmu. Mahaifinta fito yake yi, yana ƙetarar da mutane, saboda haka in ka ce mata jirgi abu ɗaya take gani: kwale-kwale na itace, da mutum a tsaye a baya yana tura shi da gora. Da ta ji ana cewa akwai jirgin ƙasa, sai kawai ta ɗauko na babanta ta ɗora shi a kan tudu. A wurinta magana ta ƙare.

Lokacin sanyi, da an idar da sallar isha, mu jikoki sai mu cika ɗakinta. Tana da wani tsohon kasko da take zuba garwashi, ta tura 'yan dankali cikin tokar. Hayaƙi ya yi ta sa mu hawaye, amma ko da bulala ba ka fitar da mu. Ni take fara tsokana.

"Ga maigidan nawa nan, hannu rabbana. Miji ba cefane, sai ci kamar gara!"

"Iya, ai kin tsufa, sabuwa zan nemo."

"Wa za ta kula ka da wannan majinar? Matsa can, kada ka take mini wuta."

Sai ta gyara zani, ta ce, "To, ga ta nan ta taso, wa zai tare ta?" Mu haɗa baki mu ce, "Mu ne, Iya, ta iso lafiya."

Tatsuniyoyinta da yawa, amma ta jirgin ƙasa ce ba ta tsallake ta. Wai wani mai fito ne kogi ya yi fushi da shi ya ƙafe. Ya zauna ya yi tagumi, ya ga tagumi ba ya cika tumbi, sai ya jawo jirginsa kan tudu, ya kafa gora ya tura. Ƙasa ta dare masa kamar ruwa. Dawa tana kaucewa tana ba shi hanya, gafiya da kurege suna tsalle a gefe maimakon kifi. Ya riƙa kai mutane garuruwan da ba a taɓa jin sunansu ba. Dokarsa ɗaya ce: duk wanda ya so komawa gida, ya ƙwanƙwasa gefen jirgin ya ce, "Mai jirgi, na yi mantuwa," nan take zai juya da shi.

Wata rana wani yaro ya shiga, ya bar yayarsa tsaye a bakin hanya riƙe da ƙwaryar furarsa. Duk garin da suka isa sai mai jirgi ya waiwayo. Nan Iya takan sa murya mai kauri.

"Yaro, ba ka yi mantuwa ba?"

Sai ta siririnta murya: "Ban yi ba, tura mu je."

Haka, haka, har ƙasa ta rufe a bayansu, hanya ta ɓace. Iya takan tona toka, sannan ta ce, "Da bakinsa fa ya faɗa. An tambaye shi, an sake tambayarsa." In mun ce, "Yayar fa, Iya?" sai ta ce, "Tana nan. Ku ɗauki dankalinku, tatsuniya ta kwanta, ku ma ku je ku kwanta."

Mu a lokacin dariya muke yi wa gafiya mai iyo a ƙasa. Da muka shiga makaranta muka ga hoton jirgi a littafi, yayyena suka yi ta gaya mata yana da taya, ƙarfe ne. Ta ce, "Ku da aka haifa jiya? Jirgi dai jirgi ne." Babana ya hana mu ja da ita. Sai da na zama saurayi, muna dawowa daga kasuwar Gaya a kan babur, ya gaya mini dalili. Iya tana da ƙane, Sale. Uwarsu ta rasu yana jariri, Iya ce ta goya shi, ita ta yaye shi. Da ya tasa ya ce zai je kudu neman aiki, in damina ta faɗi zai dawo. Wani ya gan shi yana shiga jirgi a Kano. Ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Babana ya ce, "Rashinsa ba ya cin ta kamar yadda take ganin ƙin dawowa ya yi."

Ikon Allah, sai ga shi sana'ata ta zama jirgi. A Kano nake zaune, ina yin ƙananan jiragen ƙasa irin waɗanda ake jerawa a kan tebur, wasu don makarantu, wasu don manyan mutane masu sha'awar abin. Ina da wata firinta da ake zuba wa ruwan rezin, mai kauri kamar ƙaro. In na zana abu a kwamfuta, haske ne ke daskarar da ruwan kaɗan-kaɗan, har abin ya fito a rataye, kai ƙasa kamar jemage. In wanke shi da sifirit, in shanya a rana ya yi tauri. Tayoyi nake bugawa, da ƙugiyoyin da ke haɗa tarago da tarago, da tagogi waɗanda ba su kai farce ba. Warin rezin ba shi da daɗi ko kaɗan, amma wallahi sau da yawa ina tsaye a kan na'urar nan hancina hayaƙin ɗakin Iya yake nema.

Labari ya kai mata. A lokacin idonta ya riga ya tafi. Ta sa ƙanwata Hadiza ta kira ni a waya.

"An ce mijina ya zama masassaƙin jirgi. Da wane gatarin? Kai da ko kara ba ka iya ferewa!"

"Na'ura ce ke yi, Iya."

"Na san za a rina, raggo. To ka kawo mini in taɓa, kafin a kai ni inda ba a taɓa komai."

Na yi niyyar buga mata kwale-kwale da ɗan mutum riƙe da gora, har na fara zanawa. Sai na ga ai na gaske ta roƙa, kuma Iya ba yarinya ba ce. Na buga kan jirgi da tarago, na haɗa da ɗan guntun layin dogo miƙaƙƙe, iya wanda zai shiga jakata.

Da hantsi na same ta a tsakar gida tana shan rana. Na ɗora layin a kan faifai bisa cinyarta, na kama hannunta na aza a kan jirgin. Ta shafa shi daga kai har wutsiya. Ta ƙirga tagogi da yatsa, ta juya tayoyin, ta ce, "Tabɗi! Ashe da gaske 'yan banzan yaran nan suke." Ta nemi wurin tsayuwar mai gora ba ta samu ba. Sai ta tura shi. Ya tafi sumul. Ta gwada karkatar da shi dama, ya ƙi. Ta gwada hagu, tayoyin suka cije a kan ƙarfen.

"Maigida, ta ina yake juyawa?"

"Ba ya juyawa a tsakiyar hanya, Iya. Inda ƙarfen nan ya nufa, nan yake bi."

"Ko mutum ya ƙwanƙwasa?"

"Direban yana can gaba, ba zai ma ji ba."

"Ba ya waiwayowa ya tambayi kowa?"

"Ba ya tambaya."

Ta daɗe hannunta yana kan taragon. Can ta ce, a hankali, ba da ni take ba, "Allah sarki, Sale. Ashe ba a tambaye ka ba."

Na san jirgi yana dawowa. Na san ana cire kan a mayar da shi ɗaya ɓangaren, ya biyo layin da ya tafi a kai, kuma wanda ya so yana iya sauka a tasha ta gaba. Maganar ta zo mini har baki. Na dubi fuskarta, na ga ta saki yadda ban taɓa gani ba tun da na san ta, sai na tambaye ta ko akwai sauran fura.

Muna yara na ɗauka mu take ja wa kunne, kada mu girma mu manta gida. Yanzu na gane ba da mu take ba. Duk sanyi sai ta sa ƙanenta a jirgi ta sa a tambaye shi, ta kuma ba shi amsar da take tsoro, don ita kaɗai ta san waye yaron. Ko ƙi ya yi, ko kasawa, ko ajali ne ya tare shi a hanya, ni ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Hadiza ta ce daga ranar Iya ba ta ƙara ba da tatsuniyar ba. In yara sun roƙa sai ta ce, "Wannan a karkace na ji ta, ku zaɓi wata." Damina tana faɗuwa ta rasu, tana haɗa Sale da iyayenta a addu'a. Na yi murna da ta tafi ba ta riƙe shi a rai ba, amma ina kewar tatsuniyar nan, ina kewar muryar nan mai kauri. 'Ya'yana ba su taɓa jin ta daga bakinta ba. Nakan gwada ba su, in kawo gafiya da kurege su yi ta dariya, har in kai inda mai jirgi zai waiwayo ya tambayi yaron. Nan nake tsayawa, su yi ta jan rigata suna cewa, "Baba, me ya ce?" ni kuwa ban san abin da zan sa masa a baki ba.