Kan Sarkin da Ke Cikin Taskirar Inna

Jiya ina neman allura a tsohuwar taskirar kakata Inna, sai na ga ɗan kan sarkin nan manne a gefe, duk alli ya shafe shi.

Shekarar da Yaya Sani ya tafi Yukren karatun likita, Inna ta rame. Kullum tambayarta ɗaya: "Su wane iri ne mutanen can? Suna da tausayi?" Ko ya ce mata lafiya lau a waya, cewa take ɓoye mata yake yi.

Rannan aka karɓo saƙonsa daga gidan waya na Ɗambatta. Tana zaune a inuwar rumbu tana kaɗi, ƙanshin daddawa na tasowa daga madafi. Ba ta ko kalli mayafin da ya aiko mata ba, hoton da ke jikin kwalin ta ƙura wa ido. Wata mata ce da ɗankwali tana murza zare, ga damman alkama a bayanta.

"Wannan fa?"

Na ce, "Kan sarkinsu ne, Inna."

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Wane sarki? Wannan ai 'yar'uwata ce! Dubi riƙon mazarinta. Ashe manoma ne. To, ba za su bar min yaro da yunwa ba."

Tun daga ranar, in ta idar da sallah sai mu ji tana cewa, "Allah ya ba 'yar'uwata damina mai albarka."

Ta rasu kafin Yaya ya dawo.

Allah ya haskaka kabarinki, Inna, ya kashe wutar yaƙin da ke ci yanzu a ƙasar mutanen nan, ya zaunar da ita lafiya, su koma gonakinsu.