Shekarar da Muka Jira Shamuwa

Bazarar da gardawan kumandan, wato dogaran Bature mai mulki, suka tafi da babanmu Zinder ɗaukar duwatsun ginin bariki, ba wanda ya iya zama wuri ɗaya a gidanmu na Tirmini. Ya ce zai dawo kafin shuka. Innarmu takan ɗora tukunya ta manta ba ta hura wuta ba. Ni da ƙanwata Hadiza kuwa, ko jaki ya yi kuka a waje sai mun ruga ƙofa, mu dawo jiki a sanyaye. Tsoro nake ji, ban kuma san wanda zan gaya wa ba.

Kaka, mahaifiyar baba, ita ta gaji da zirga-zirgarmu. Ta jiƙa kaba, ta kwaɓa yumɓu, ta zaunar da mu kusa da murhu bayan magariba. Hadiza tana koyon saƙar faifai, ni ina gina tsuntsaye muna gasawa a garwashi. Nawa duk wuyansu karyewa yake yi.

"Maigidana," in ji ta, don haka take tsokanata, "wannan shamuwa ce ko kazar da doki ya taka? Ku juya ku dubi tsamiyar bayan gida. Wanda ya fara ganin shamuwa ta sauka, shi zai buɗe tulun iri."

Daga nan sai ta ce ga ta nan ta zo mana, mu buɗe kunne. Wai da can shamuwa a gari take zaune rani da damina. Mijinta ya tafi kudu neman hadari, ita kuma ta kasa haƙuri. Ta ɗora kara ɗaya a sheƙa, ta tashi ta leƙa hanya, ta dawo, ta sake tashi. Ran da ruwa ya sauko sheƙar ba ta kai rabi ba, ƙwayayenta suka gangaro ƙasa. Shi ya sa har yau, in ta iso gari, ba ta gaida kowa sai ta gama gini.

"To mijin fa, ya dawo?" Hadiza ta tambaya.

"Ja kabarki, bakin faifan ya saki," in ji Kaka.

Na ji haushin wannan amsa ƙwarai. Amma tun daga ranar, safe da yamma idonmu na kan tsamiya. Hadiza ce ta riga ni gani, baƙaƙe guda biyu masu fari a ciki, kowace da kara a baki. Ba a daɗe ba ruwa ya sauka. Inna tana sara da sungumi, muna binta muna zuba gero muna rufewa da diddige. Baba bai zo shuka ba, bai zo girbi ba. Wani da suka tafi tare ne ya kawo mana rigarsa.

Na daɗe ina ɗauka darasin kawai shi ne mai jira ya riƙe aikinsa. Sai da aka ɗauki ɗana soja, na zaunar da jikokina suna wasan yumɓu, na lura da inda na ajiye kujerata. A nan na tuna zaman Kaka. Mu ta juya mu muna kallon tsamiya, ita kuwa kullum fuskarta na ƙofar gida, tana kallon hanyar da ɗanta ya bi.