Ranar kashe wutar gasar

Yayana bai damu da tsere ko tsalle ba. Mako biyu ana wasannin Olamfik yana cikin shinkafarsa a gefen kanal ɗin ban-ruwa, ko tambayar wa ya ci ba ya yi. Ranar rufewa kaɗai yake jira.

Bikin rufewa na ƙarshe da muka kalla tare da azahar aka yi shi, domin birnin yana can gabas mai nisa. Muka hau babur daga ƙauyenmu zuwa gidan kallo a Kura, taɓo har gwiwar wando. Mu biyu ne kawai a kan benci. Mai gidan, wani mutumin Filato da ya daɗe a garin, ya ce, “Malam, ba ƙwallo ba ce fa. Raye-raye ne da jawabi.”

“Kunna dai,” in ji Yaya. “Mu manoma ne, ƙarshen abu muke kallo.”

’Yan wasa suka shigo a cakuɗe, ba layi. Aka sauke tuta, shugaban wannan birni ya miƙa, na birnin gaba ya karɓa ya kaɗa. Yaya ya taɓa ni da gwiwar hannu. Ya ce haka ake ba da ruwa: ka gama ban-ruwa, ka toshe bakin gonarka, ka kira na ƙasa da kai. Da aka kashe wutar gasar, muka fito.

A rani na biyu ya kwanta. Wata rana ina gyara masa matashi ya ce, “Ƙane, na gaba ka kalla mini. Ka ga wa za a ba tutar.” Na ce tare za mu je. Ya yi murmushi kawai. Allah Ya jiƙansa.

Da lokacin ya zo, rediyo ya ce ranar Lahadi za a rufe. Ban tambayi ƙarfe nawa ba. A wurina abin na azahar ne, yadda kasuwa take da ranarta. Na sa rigar Juma’a, na tafi.

Na tarar mai gidan yana shara. Ya gane ni, ya duba bayana, sannan ya cire hula ya yi mini gaisuwa.

“Baba, ai wannan karon a Turai ne. Sai bayan isha’i.”

Na ce zan je in ba shanun Yaya abinci in dawo, tunda ba wanda ya rage da zai yi. Da la’asar hadari ya haɗo ta Bunkure. Aka yi ruwa har magariba, hanyar bakin kanal ta zama ba ta biyuwa. Na tura babur zuwa ƙaramar gada, na ga ruwa ya shafe ta, na juyo.

Washegari rediyo ya faɗi birnin da ya karɓa. Na bi ta maƙabarta kafin gona. Na yi sallama, na yi addu’a, na tsuguna. Na san sunan birnin, amma ba ji ya ce in yi ba.

“Yaya,” na ce, “ban kalla ba.”