Idanun da Baba ya ƙwace

Lokacin da sojoji suka koma bariki aka ce kowa ya faɗi abin da ke ransa, Babanmu bai yarda ba, kuma yana da dalili. A zamanin soja wata magana ya yi a zaurensa na unguwar Shahuci, cikin abokan hira, ba a jima ba wasu mutane suka zo da mota suka tafi da shi. Da aka sako shi ya dawo gida, amma hira ta ƙare. Mutumin da a da sai an roƙe shi ya yi shiru a ci abinci, ya koma daga "to" sai "madalla", sai ɗinkin hularsa.

Sai da farar hula suka ɗan kwana biyu a mulki ya fara sakin jiki. Bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya ba mu labarin ƙuruciyarsa. Na fi kowa murna, don ni ce abokiyar hirarsa. Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa yake kirana Uwata.

A daidai wannan lokacin na jajibo wa kaina aiki. Ina karatun lantarki, sai wata malamarmu da ta dawo daga waje ta ba ni kwali cike da 'yan bulullukan roba na wasan yara, masu harɗewa da juna, da ƙananan injuna masu juya gaɓa da muke kira sarbo, da wata sensa, na'urar gane abin da ke gaba, mai ƙwaya biyu kamar idon mujiya. Na yi ta haɗawa ina rushewa, dalma ta ƙona ni har na daina ƙorafi. A ƙarshe na samu mutum-mutumi mai taya, bai fi gwangwanin madara babba ba. Yana tafiya yana juya kai, in ya tarar da abu a gabansa sai ya tsaya ya kauce.

Ranar gwaji na sake shi a tsakar gida. Ya wuce turmi, ya kauce wa buta, ya nufi tabarmar Baba yana tsakiyar labari. Ya tsaya cak, ya juyo da kai ya kafe shi da ido. Baba ya yanke maganarsa.

"Uwata, wa ya ba ki wannan?"

"Malamarmu ce, Baba."

"Ita wa ya ba ta? Me ta ce ki riƙa kawo mata?"

Na yi dariya na ce ba ya ji, ba ya ma gani, nisa kawai yake aunawa. Baba bai yi dariya ba. Ya naɗe tabarmarsa ya shige ɗaki.

Daga ranar ya koma shirunsa. Ko na kulle abin a akwati, sai ya dubi ƙofar ɗakina kafin ya amsa gaisuwa. Innarmu ta ce in fitar mata da wannan ɗan leƙen asirin daga gida. Raina ya ɓaci matuƙa. Ni da na ɗora kowace waya da hannuna, ni za a gaya wa abin da ke cikinsa? Amma zargi yana yaɗuwa: har na kama kaina ina tunanin me ya sa malamar ta zaɓe ni cikin ɗalibai duka, na kuma buɗe sensar ina leƙa bayanta.

Da na ga shirun ba zai ƙare ba, na ɗauko mutum-mutumin na zauna gaban Baba, na wargaza shi ɗaya bayan ɗaya ina miƙa masa. Ga batir, ga sarbo, ga bulo. Yana karɓa yana jujjuyawa kamar mai duba zaren hula.

"Ka gani, Baba? Babu kunne. Na san shi ciki da waje."

Sai ya ce, "Wanda ya kai ƙarata wurin soja, ni ma na san shi ciki da waje. Tare aka yi mana kaciya."

Bai taɓa gaya wa kowa wannan ba. Ya tsame sensar daga cikin tarkacen ya jefa a aljihu, ya turo mini sauran.

Na sake haɗa shi ba ido, na sa masa 'yan wayoyi a gaba, sai ya yi karo da abu yake sanin ya juya. Makaho Baba ya raɗa masa. Yana gwara kai da turmi Baba yana dariya, labari kuma ya dawo tsakar gida.

Na ɗauka ya daɗe da jefar da idanun a kududdufi. Bayan rasuwarsa, muna kwashe kayan ɗinkinsa, na same su a ƙasan gwangwanin allurai. Ya naɗe su da tsumma ninki a kan ninki, ya ɗaure da zare, ya kifa su suna kallon ƙasa.